Ciwon Huhu: A San Waɗanda Ya Fi Kayarwa

Duk shekara idan hunturu ya kama, iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe Njamena da Kusuri har zuwa Maiduguri da Kano. A irin wannan lokaci ne tari da mura ke cika kasuwanni, tun daga Babbar Kasuwa da Kasuwar Gero har zuwa ta Dembe. Akasarin waɗanda suka kamu sukan warke cikin mako guda, amma akwai waɗanda ciwon ke sauka musu a huhu, numfashi ya gagara, kafin a ankara sai dai a ji sanarwar jana'iza. Abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani shi ne, wannan ciwo yana da mutanen da ya fi kayarwa, kuma likitoci sun daɗe da sanin su.

Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2020 an yi ta mace-mace a Kano har masu haƙa kabari suka koka. Bayan bincike, Ministan Lafiya na Nijeriya a wancan lokaci, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Galibinsu sun haura shekara 65, suna kuma fama da wasu cututtuka tun da farko. A nan Chadi, inda cutar ta ɓulla ranar 19 ga Maris na shekarar, adadin mamatan da hukuma ta ƙirga bai kai 200 ba, to amma darasin ɗaya ne. Korona ta lafa, sai dai nimoniya da tarin tibi da mura mai tsanani suna nan, kuma mutanen da suka fi cutarwa ba su sauya ba.

Na farko su ne dattawa, domin garkuwar jiki na raguwa da shekaru. Sai masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya ko ƙoda, da masu asma, da masu ƙiba fiye da kima, da mata masu juna biyu. Matsalar ita ce, sukari da hawan jini sukan yi shekaru a jiki ba tare da mai su ya sani ba, sai ranar da ciwon ƙirji ya zo ya tarar da jiki a raunane. Kazalika taba sigari da shisha, da hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, suna cinye huhu sannu a hankali. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki wanda ba ya shan magani kuwa, tarin tibi ne babban abin da ke halaka shi.

Ta ɓangaren yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a 2019, kuma ta fi kayar da masu tamowa da waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Alamarta ba ta buƙatar na'ura. Jariri ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin sau 40, ko wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja iska, a garzaya da shi asibiti a ranar. Tun watan Oktoban 2024 Chadi ta sanya allurar rigakafin nimoniya cikin jerin alluran yara, saboda haka uban da bai bincika katin ɗansa ba ya yi sakaci.

A ra'ayinmu, babban haɗarin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne jinkiri. Mutum na zazzaɓi da tari, amma don kada ya rufe rumfa ko motar kaya ta wuce shi a Gamboru, sai ya sayi ƙwaya a hannun mai talla ya haɗiye ya ci gaba da harka. Ranar da za a kai shi Babban Asibitin Ƙasa, huhu ya riga ya cika, sai neman iskar oksijin, kuɗin da aka yi wa rowa kuma a kashe ninkinsa. Haka nan maganin tibi wata shida ake sha ba fashi. Fatake da direbobin da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Fotokol sukan daina da zarar tari ya lafa ko tafiya ta kama, abin da ke haifar da tibin da ba ya jin magani, wanda kuma za su kai wa iyalansu.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da su gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa awon sukari da hawan jini a cikin kasuwa kafin shigowar hunturu. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada majinarsa. Wanda numfashi ke yi wa wuya, ko yake tarin jini, ko hankalinsa ya fara gushewa, kada a bari ya kwana a gida. Su kuma hukumomin lafiya na Chadi da Kamaru da Nijeriya, ya kamata su daidaita yadda mai katin tibi zai karɓi maganinsa a duk ɓangaren iyakar da ya samu kansa.

Ajali dai na Allah ne, amma an umarce mu da neman magani, kuma rufe rumfa na yini guda ya fi sauƙi a kan barin marayu da bashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.