Tiyatar Rage Ƙiba da Inshorar Lafiya

A Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari har yanzu ana ɗaukar teɓa shaidar arziki, alhali kuwa ƙiba mai yawa ita ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Idan rage ci da motsa jiki suka kasa, likitoci kan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin majiyyaci, daga nan sai shan bitamin da gwajin jini muddin rai. Wannan magani ne, kuma ya cancanci kulawar inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta a Nijeriya. Lallai majiyyaci ya nemi amsar hukumar inshora a rubuce kafin ranar tiyata. Ita kuma hukumar ta tuna cewa sukarin da aka yi sakaci da shi kan kai mutum ga wankin ƙoda.