Faɗuwar Gaba Asarar Namiji: Shin Maimaita Jarrabawa Abin Kunya Ne?

Yau dai ku yi mini afuwa, na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, in ban amayar da ita ba hankalina ba zai kwanta ba.

Bari in fara da laifinmu mu marubuta. A littattafanmu, saurayi ya gama jami'a da sakamako mafi daraja, shafi na gaba sai ga shi a filin jirgin saman Malam Aminu Kano zai tafi Ingila karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, bayan shafi uku ya dawo ya karɓi kamfanin Alhaji. Ni kaina na rubuta irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba mu taɓa nuna shi zaune gaban takardar jarrabawa gumi na tsattsafo masa ba, balle a ce ya faɗi ya sake. Da haka muka koya wa yaranmu cewa mai ƙwaƙwalwa sau ɗaya yake harbi, wanda ya maimaita kuwa daƙiƙi ne. Sai da abin ya zo gidanmu na gane girman wannan ƙarya.

Autanmu ma'aikacin banki ne a nan Kano, kuma ya daɗe yana burin yin digirin nan na sarrafa kasuwanci da ake kira MBA a ƙasar waje. Da yawa daga cikin makarantun da ke bayar da shi suna neman sakamakon wata jarrabawa mai suna GMAT, wadda hukumar GMAC ta Amurka ke shiryawa, kuma asalinta tun shekarar 1954. A ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsarinta: kashi uku ne, kowanne minti 45. Lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, sai nazarin bayanai irin su jadawali da zane-zane tambaya 20. Jimilla tambaya 64 cikin awa biyu da kwata, maki kuma daga 205 zuwa 805. A kwamfuta ake yi, kuma kwamfutar tana bin sawunka: in kana ci ta ƙara maka masu wuya, in kana kuskure ta sassauta. Kana gamawa makinka zai bayyana a gabanka.

Wata huɗu Auta ya yi yana shiri. A gwajin da yake yi a gida yakan sami 635 ko 645, wanda shi ne abin da yake nema. Ya tafi Abuja ya zauna, ya dawo da 555. Ya shigo ɗakina bayan sallar isha'i ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yaya, wallahi na san abin nan. Amma ina zama sai na ji kamar an share mini kai. Layi ɗaya na karanta shi sau huɗu ban san me ya ce ba." Na ce, "Haba Auta, kai da kake namiji? Faɗuwar gaba ai asarar namiji ce." Na ɗauka ƙarfafa masa guiwa na yi, ashe gishiri na zuba a gyambo.

Dokar jarrabawar ta ce sai bayan kwana 16 ake sake zama, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Kwana 16 na cika ya koma, don ya wanke kansa a idonmu. Ya sami 565. Kuɗin rajista kuwa da dala ake biya, ya haura dala 200 nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun daga 2023. Ga kuɗin mota, ga masauki. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce.

To ga ra'ayina, kuma a kansa na tsaya. Maimaita jarrabawa ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Abin da ke asara shi ne mutum ya maimaita bai san abin da ya kayar da shi ba. Ɗalibi iri biyu ne ke faɗuwa: wanda bai iya ba, da wanda ya iya amma tsoro ya ƙwace masa. Na farko maganinsa karatu. Na biyu ko ya haɗiye littafi, in ba a taɓa tsoron ba, abin da ya faru shi zai sake faruwa. Hanyar bambancewa kuwa mai sauƙi ce: a kwatanta makin gida da na ɗakin jarrabawa. In tazarar ta yi yawa kamar ta Auta, to ba ilimin ne ya gaza ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bayanin cewa sashen ƙwaƙwalwa da muke riƙe lissafi da shi a lokacin da muke yin sa ɗan ƙarami ne, kamar teburin mai shayi. In tunanin "me zan faɗa wa Hajiya in na faɗi?" ya zo ya baje kayansa a kai, ina lissafi zai sami wurin zama? A shekarar 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago, Sian Beilock da Gerardo Ramirez, sun wallafa a mujallar Science cewa ɗaliban da aka sa suka rubuta fargabarsu a takarda na minti 10 kafin jarrabawa sun ƙara ƙoƙari, musamman masu yawan tsoro. Ban ce zai yi wa kowa aiki ba, amma ni da na shekara ashirin ina sauke damuwata a kan takarda ban yi mamaki ba.

Karo na uku sai da Auta ya yi wata uku, kuma ya sauya salo. Ya daina gwaji a kwance a gado yana duba waya. Duk Asabar, daidai lokacin da zai zauna ta gaske, sai ya rufe ɗaki ya kunna agogo, ya yi awa biyu da kwata cur, da hutun minti 10 da doka ta yarda da shi, ba ƙari. Ya buɗe littafi na musamman yana rubuta kowane kuskure da dalilinsa: rashin sani ne, ko garaje, ko ƙurewar lokaci. Ya gano cewa taurin kai ke cin sa, yakan liƙe wa tambaya ɗaya minti biyar alhali rabonta bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙu ba, ga shi kuma barin tambayoyi ba amsa a ƙarshe yana rage maki sosai. Ya koyi zaɓar amsar da ta fi kwanta masa ya sa alama ya wuce, tunda sabon tsarin ya yarda a dawo a gyara amsa har uku a kowane kashi in lokaci ya rage. Ya daina karanta wa kwamfuta zuciya, domin a da in ya ga tambaya mai sauƙi sai gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan ta gane ya yi kuskure. Tunda kuma ɗalibi ke zaɓar kashin da zai fara da shi, sai ya fara da wanda ya fi ƙwarewa, hankalinsa ya zauna tukuna. In ya ji ƙirjinsa na dakan uku-uku, sai ya sauke hannu, ya ja numfashi ya sake shi a hankali sau uku, ya ambaci Allah, ya ci gaba. Daren jarrabawa bai buɗe littafi ba, ya yi barcinsa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma a gida sai da muka gyara. Hajiya ta daina shelanta wa dangi cewa Auta ya kusa tafiya Turai. Ni na daina kiran sa kullum ina tambayar "ya karatu?" Ranar da zai zauna ma mu biyu kaɗai muka sani. Na yi imani rabin nauyin da yaranmu ke shiga ɗakin jarrabawa da shi, ko JAMB ce ko WAEC ko wannan, mu muke ɗora musu da bakinmu.

Na san wani zai ce, wannan ai shagwaɓa ce, mu da muka yi jarrabawa da fitilar ƙwai wa ya lallashe mu? Gaskiya ne, amma ka ƙirga waɗanda kuka faro tare, nawa suka ajiye biro don sun faɗi sau ɗaya? Ni ina cikinsu. Lissafi ya kayar da ni a jarrabawar gama sakandare, ranar hannuna rawa yake har biro ya suɓuce, kunya ta hana ni sakewa, daga nan karatuna ya tsaya. Har gobe abin yana yi mini ciwo. Wani kuma zai ce a yi ta addu'a kawai. Addu'a wajibi ce, mun yi, mun kuma yi sadaka, amma wanda ya roƙi Allah damina mai albarka ai sai ya ɗauki fartanya. Wanda kuma tsoronsa ya kai ga amai, ko rashin barci na makonni, ko numfashi na sarƙewa, ya ga likita, ba hauka ba ne kuma ba aljanu ba ne.

Haka nan ban ce kowa ya yi ta maimaitawa har illa masha Allahu ba. In makin da ka samu ya yi daidai da na gwajinka na gida, kuma ya isa makarantar da kake so, ka tsaya haka, ka adana kuɗinka. Sakamakon yana aiki har shekara biyar, kuma makarantu ba maki kaɗai suke dubawa ba, suna duba ƙwarewar aiki da shaidar shugabanninka da yadda ka bayyana kanka a rubuce da kuma a ganawa.

A zama na uku Auta ya sami 625. Bai kai 645 da yake so ba, amma ya ce wannan makinsa ne na gaskiya, ya yarda da shi, ya kuma tura takardunsa. Muna jiran abin da Allah zai yi. Ni kuwa na yi alkawari, jarumin littafina na gaba sai ya faɗi jarrabawa, ya yi kuka, ya sake, kuma budurwarsa ba za ta guje shi ba. Wai kuma Auta ya kawo mini littafin lissafi na sakandare ya ajiye a kan gadona, ya ce, "Yaya, saura ke." Ban ba shi amsa ba tukuna, amma ban mayar masa da littafin ba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu da ƙannenmu sa'a, Ya cire musu fargaba. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, in Allah Ya kai mu. Wassalam.