Raddi Ga Masu Cewa An Gano Fuska Ta Biyar

Ya ku 'yan'uwa matasa, ku yi hattara da masu yaɗa cewa wai masana kimiyya sun gano wata fuska ta biyar ga wannan duniya, bayan tsawo da faɗi da zurfi da lokaci. Wannan ƙari ne a kan gaskiya.

Asalin maganar shi ne, a 1999 Lisa Randall da Raman Sundrum sun kawo hasashe na lissafi game da wata lanƙwasasshiyar fuska da ido ba ya gani. A 2003 wasu masana suka ɗora a kai, suka ce daga iyakokin fuskar nan ne ƙwayoyin W da Z, masu ɗauke da ɗaya daga cikin ƙarfafan halitta, suke samun nauyinsu, saboda haka babu buƙatar ƙwayar Higgs. Lissafi ne mai ban sha'awa, babu musu. To amma a 2012 cibiyar CERN ta gano Higgs ɗin, sai wannan reshe ya karye.

Su W da Z an gan su tun 1983, an kuma auna nauyinsu: kimanin GeV 80 da 91. Fuska ta biyar fa? Har yau na'urar LHC ba ta nuna ko alamarta ba. Duk mai da'awar an gano ta, ya gaya mana a wace shekara, a wane ɗakin gwaji.