Waiwaye: Tuwo Bai Yi Mana Laifi Ba

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum da muka tashi muka sani, ba a raba ƙiba da alheri. In amarya ta zo ganin gida, wuya da kumatu iyaye mata ke fara dubawa. Ta ciko, a ce miji ya iya kiwo. Ta rame, a ja ta ɗaka a tambaye ta abin da ke damunta. Ɗan kasuwa ya ajiye tumbi, a ce kuɗi sun zauna. Ban ga laifin magabata ba. Wanda ya san yadda rumbu ke yin ƙasa a tsakiyar damina, kafin sabon gero ya nuna, dole ya ɗauki jiki mai tsoka a matsayin shaidar gida da hatsi.

Sai dai masu ƙibar a wancan zamani ƙalilan ne. Tuwon dawa ake ci da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a sha fura da nono, a tafi gona da hoce a aljihu. Da rana a kwaɗa zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga. Namiji ya taka da ƙafa zuwa fadamun Gulbin Zamfara ya dawo. Abin da ya shiga ciki, aiki ya cinye shi.

Yau inji ke niƙa, babur ke kai mutum ko'ina, rashin tsaro kuma ya raba dubban manoma da gonakinsu ya tara su cikin gari. Taliya da farar shinkafa da burodi sun hau gadon dawa. Ka tsaya wurin mai fura ka gani: ta dama, ta kwance ƙullin sukari ta juye, mai saye ya ɗanɗana ya ce a ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kwalbar lemo guda kan ɗauki wajen tara.

Abin da ke sosa mini rai shi ne matsalar abincin fuska biyu gare ta a gari ɗaya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo Anka da Bukkuyum a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara sama da 400, daga baya ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Anka. A unguwannin da ake goyo da irin waɗannan yara zuwa asibiti, akwai manyan da hawan jini da ciwon sukari ke ci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma nauyinsu ya wuce kima. Ciki na cika, amma ganye da wake da nono sun ragu a kwano.

Wata gwaggona a Gummi, da aka auna ta a asibiti aka ce ta rage jiki, sai ta ɗaura yaƙi da abinci. Ta bar karin kumallo, ta bar na rana, ta sayi shayin rage tumbi da ake tallarsa a Facebook. Yini take da jiri da faɗa. Bayan isha'i yunwa ta kayar da ita, ta share kwanon shinkafa da mai, ta kwanta tana jin kunyar kanta. Shayin kuwa gudawa yake sa ta. Ruwan jikinta ke zuba, kitsen na nan. Wannan ƙanen sha-ka-fashe ne, ƙwayoyin da 'yan mata ke haɗiya don su yi jiki, waɗanda wasunsu ke kumbura fuska su tayar da sukari da hawan jini. Mai wannan da mai wancan duk sun fid da rai daga abinci sun koma ga kanti.

Wata ma'aikaciyar jinya, sa'ar 'yarta, ita ta zaunar da ita. Ta ce, "Inna, ba a ce ki bar tuwo ba. Malmala nawa kike ci?" Gwaggo ta ce biyu, wani lokaci da rabi. "To ki ci ɗaya, ki yawaita miya da ganye. Kunun safe ki sha abinki, a bar sukarin. Kuma don Allah, Inna, ki koma cin abinci tare da jikokinki."

Wannan shawarar ta ƙarshe ta fi kama ni. Mai ci a ɓoye sauri yake yi, ba ya jin lokacin da ya ƙoshi. Mai ci cikin mutane yana hira, yana tauna, yana miƙa wa yaro loma. Malamanmu sun daɗe suna karantar da a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Ba su taɓa cewa a ƙi abincin ba. Gwaggo ta koma tuwon dawa da dambun zogale, tana takawa gidajen 'yan'uwa da la'asar maimakon ta aiki yaro. Jikin bai zube a wata guda ba. A hankali zane ya fara yi mata yawa, gwiwa ta yi sauƙi, barci ya dawo.

Da wasu maƙwabta suka fara cewa Inna ta rame, ko lafiya, nan ta ɗan girgiza, don tsohuwar fahimtar ba ta bar mu ba. Wajibi ne iyali su tsaya wa mai wannan ƙoƙari, su bar tura masa ƙari da sunan kara. Wanda ke shan maganin ciwon sukari kuma kada ya tsallake abinci da ra'ayin kansa, domin sukarin na iya faɗuwa ya sume. Mai ciki da mai shayarwa su ma sai da shawarar asibiti. Ma'aikatan lafiyarmu na Anka da Gummi da Bukkuyum nake roƙo: in za ku ce wa mutum ya rage jiki, ku faɗa masa da malmala da ludayi da cokali, ku tambaye shi abin da ke akwai a gidansa, sannan ku ba shi ranar da zai dawo a sake auna shi.