Rabin Aya, Cikakkiyar Fitina

A garin Jalingo, harshen Hausa ne ke ɗauke da kayan addinai biyu a kansa. Da shi ake tafsiri a watan azumi, da shi kuma ake wa'azi ran Lahadi a majami'u da dama, ko da masu sauraron Mumuye ne ko Jukunawa ko Fulani ko Wurkun. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, sa'an nan a 1979 tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ta fito. Ke nan duk ɗalibin da ya iya haɗa baƙi da wasali yana iya buɗe littafin maƙwabcinsa ya karanta ba tare da tafinta ba. Wannan ni'ima ce babba. Sai dai daga cikinta wasu suka ƙago wata sana'a da za mu kira yankan aya, wato mutum ya shiga littafin da bai taɓa karanta shafi biyu a jere daga cikinsa ba, ya yanko layi guda, ya fito da shi bainar jama'a yana ɗagawa kamar mafaraucin da ya kaso zomo. Da masu wannan sana'a muke, ko da wace riga suka sa.

Bari mu fara da ƙorafin da aka fi yi wa Musulunci, mu kuma faɗe shi yadda masu shi ke faɗa, ba tare da mun rage masa ƙarfi ba. Suna cewa addini ne da aka gina bisa takobi, hujjarsu kuwa aya ta 5 ta Suratut Tauba, wadda ta yi umarnin yaƙar mushirikai bayan ƙarewar watanni masu alfarma. Ayar tana nan, babu mai kankare ta. Amma mu da aikinmu shi ne koyar da nazarin adabi, ɗalibin da ya tsinko baiti ɗaya daga tsakiyar waƙa ya ce shi ne jigonta, ba ma ba shi makin ci. Mukan tambaye shi: da wa ake magana, a wane lokaci, me ya gabata, me ya biyo baya? To, aya ta 4, wadda ke manne da wannan, ta keɓe mushirikan da suka riƙe alkawari, ta ce a cika musu nasu har zuwa wa'adinsa. Aya ta 6 kuma ta ce idan ɗaya daga cikinsu ya nemi mafaka a ba shi, sa'an nan a raka shi har inda zai sami aminci. Aya ta 13 ta bayyana laifin waɗanda ake nufi: sun warware rantsuwarsu, sun yi niyyar korar Manzo, kuma su suka fara. Wanda ya karanta ta 5 ya rufe littafi, ko dai bai san da waɗannan ba, wanda hakan jahilci ne, ko kuwa ya sani ya ɓoye, wanda hakan ha'inci ne. Haka nan ba a jin mai yankan aya ya ambaci Baƙara 190 da ta hana ƙetare iyaka a yaƙi, ko Anfali 61 da ta ce a karkata ga sulhu idan abokin gaba ya karkata, balle Hajji 40, inda aka jera wuraren ibadar Kirista da na Yahudawa tare da masallatai cikin abubuwan da ake kare wa rushewa.

Da a nan maganar ta tsaya, da aikin ya yi sauƙi. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Mai suka da ya yi karatu zai ce mana, ai malamanku ne da kansu suka ce ayar takobi ta shafe ayoyin sulhu. Kuma gaskiya ya faɗa, domin akwai waɗanda suka tafi a kan haka, har wasu suka ƙirga ayoyi fiye da 100 da suka ce ta nasahe. Mai wa'azin da zai hau mumbari ya rantse cewa ba a taɓa yin wannan magana ba, ya cuci masu sauraronsa, don ranar da suka ci karo da ita a littafi za su daina yarda da shi a kan sauran abubuwa ma. Amsar da ta dace ita ce a nuna cewa tun farko magana ce ta saɓani. Imamuɗ Ɗabari ya ƙi yarda cewa an nasahe aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Suyuɗi kuwa, a cikin Itƙan, ya taƙaita ayoyin da aka nasahe a Alƙur'ani gaba ɗaya zuwa wajen 20. Wannan muhawara ce ta ƙarnoni, mai hujjoji da raddi, kuma mutum ba ya shiga cikinta da rabin aya a aljihu.

Akwai kuma tarihi, kuma a nan Jalingo tarihin ba nisa gare shi ba. Masarautar Muri ɗiyar jihadin ƙarni na 19 ce. Shi kansa wannan gari Sarki Muhammadu Nya ya kafa shi a 1893, bayan cin garin Kona da yaƙi a ƙarshen 1892. Jikokin mutanen Kona suna nan, muna cin kasuwa ɗaya da su, 'ya'yansu na zaune a azuzuwanmu. Idan ɗayansu ya tashi ya tambayi abin da jihadi ke nufi, ba izgili yake yi ba. Labarin kakanninsa yake bi, kuma ya cancanci amsa ta mutunci. To amma shi ma mai son ya ɗora komai a wuyan aya sai ya faɗa mana: igwar da ta fasa ganuwar Kona ta wane ce? Ta wani hafsan sojan Faransa ce, Luwis Mizon, wanda ya hauro Binuwai yana neman wa ƙasarsa gindin zama kafin kamfanin Ingilishi ya rigaye shi. Ba mu ji an ce Mizon ya karanta Suratut Tauba ba. Mulki da bayi da hanyar fatauci su ne suka haɗa sarki Musulmi da Bafaranshe a sansani ɗaya, kuma wanda ya kasa ganin haka bai fahimci yaƙin ba.

Abin da ke ba mu takaici shi ne, masu fusata da an soki jihadi ba su san cewa shugabanninsa sun saurari sukar da ta fi wannan zafi ba. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno ya rubuta wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar yaƙar ƙasarsa, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa, kuma abin lura, ya kwafe maganar abokin jayayyar tasa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya bar wa na baya su karanta su auna. Da bai yi haka ba, da yawancin hujjar Elkanemi ta ɓace. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, ƙanen Shehu kuma jagoran yaƙi, ransa ya ɓaci da ganin yadda neman duniya ya shiga cikin rundunar, har ya fice ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, inda ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Waɗannan su ne magabatan da ake tinƙaho da su. Wa ya koya wa jikokinsu cewa tambaya abin tsoro ce?

Ɗaya hanyar da wasu 'yan'uwanmu ke bi wajen ramuwa ita ce su ma su ɗauki wuƙa su shiga Littafi Mai Tsarki. Sai ka ji an jawo Matiyu 10:34, inda ake maganar takobi a maimakon salama, ko labarin faɗuwar Yariko a Joshuwa 6, a yi ta tafi ana kabbara an ci nasara. Wannan salo ya yaɗu a ƙasar nan tun zamanin kaset-kaset na muhawarar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986, kuma yau wayar hannu ta gaje shi. Ba a faɗa wa masu tafin cewa a cikin wannan Matiyun, sura ta 26, an umarci almajiri ya mayar da takobinsa kube ba, ko kuwa sura ta 5 da ta hana ramuwa. Laifi tudu ne. Wanda bai yarda a yi wa littafinsa yankan aya ba, ba shi da bakin yi wa na wani.

Mu duba kuma wanda ya fi kowa amfana da wannan sana'a. Karatun da mai suka ke yi wa aya ta 5, shi ne sak karatun da Muhammad Yusuf da Abubakar Shekau suka yi mata: su duka sun yarda cewa ita kaɗai ce ke magana, sauran ayoyi sun yi shiru. Bambancin kawai, ɗaya ya ce tir, ɗaya ya ce madalla. Sakamakon wannan karatu ya iso mu har gida, da harin bom na watan Afrilun 2012 a nan Jalingo, da na Iware a watan Afrilun 2022. Ya kuma isa babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, inda masallata fiye da 100 suka rasu. Sheikh Muhammad Auwal Albani na Zariya, wanda ya yi ta warware hujjojinsu a karatuttukansa, an harbe shi a watan Fabrairun 2014, Shekau ya fito ya ce su ne. Saboda haka mai sukar da ke cewa 'yan ta'adda su ne suka fahimci Musulunci na ainihi, ya sani cewa fatawa yake ba su kyauta, yana kuma ƙaryata malaman da suka ba da rayukansu wajen musa wannan fahimta.

Amma kaifin alƙalaminmu ya fi karkata ga wanda ke amsa magana da ashana, domin shi ne ke miƙa wa mai suka hujjar da bai samu a littafi ba. Abin kunya, a makarantu wutar ta fi tashi. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, jayayya kan yadda wani mai wa'azi, Rabaran Abubakar Bako, ya fassara wasu ayoyin Alƙur'ani ta rikiɗe ta zama tarzoma, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. A 1992, Jihar Taraba ba ta ko cika shekara da kafuwa ba, saɓani tsakanin ɗaliban wata makarantar sakandare ya jefa Jalingo cikin irin wannan masifa. Shekara 30 bayan haka, ranar 12 ga Mayun 2022, ɗalibai suka kashe 'yar'uwarsu ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, har Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi Allah wadai. Muna tambayar masu wannan aiki: a wace sura aka ba taron ɗalibai muƙamin alƙali? Littafin da suke cewa suna karewa ya riga ya faɗi abin da za a yi. Nisa'i 140 ta ce idan ana izgili da ayoyi a tashi a bar majalisar. An'ami 108 ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama. Nahli 125 da Ankabut 46 sun yi umarnin jayayya ta hanya mafi kyau, ta biyun ma da Ma'abuta Littafi take magana kai tsaye. Ashe mai ashana shi ma mai yankan aya ne, kuma yankansa ya fi muni, don littafinsa ne da kansa ya yanke.

Ba mu ce suka da zagi ɗaya suke ba. Wanda ya tambayi dalilin yaƙin Badar ko hukuncin jiziya daban, wanda ya fito don ya ci mutuncin Annabi (SAW) ya tunzura jama'a daban. Na farko a zaunar da shi a ba shi amsa, na biyu kuwa akwai hukuma da kotu. An kuma ga inda amsa ta yi aiki. Da Paparoma Benedict ya yi jawabinsa na Regensburg a Jamus a watan Satumban 2006, ya jawo maganar wani sarkin Rumawa da ke danganta Musulunci da takobi, malamai 38 suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna bin maganar tasa daki-daki. Shekara guda bayan haka adadinsu ya kai 138 a wata wasiƙar, kuma a 2008 aka zauna teburi ɗaya a Roma. A nan gida, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda dā kowannensu ke jagorantar matasan da ke farautar ɗan'uwansa, sun ajiye gaba tun 1995, suka shiga sasanta wasu.

Abin da muke nema daga ƙungiyoyin ɗalibai na addinan biyu, da hukumomin manyan makarantunmu, ba shi da tsada. Hana muhawara ba magani ba ne. In an kore ta daga zauren lacca, ɗakin kwana da wayar hannu za ta koma, inda babu alƙali babu shugaban zama. A buɗe zaure, a gayyaci malaman tafsiri da na tauhidin Kirista, da na tarihi da na harshe. A kafa sharaɗi ɗaya tun daga bakin ƙofa: duk wanda zai kafa hujja da aya daga kowane littafi, sai ya karanta biyar da suka gabace ta da biyar da suka biyo ta, da murya, kowa na ji, sa'an nan ya faɗi abin da masu littafin suka ce a kanta kafin ya faɗi nasa. Wanda ya ƙi, shugaban zama ya karɓi abin magana daga hannunsa ya miƙa wa na gaba.