Sayen Kayan Makarantun Firamare: A Ba Hedimasta Takardar Kwangila

Kowace shekara hukumomin ilmin firamare na jihohi da na ƙananan hukumomi suna kashe kuɗi masu yawan gaske wajen sayen kaya da biyan 'yan kwangila. Akwai ginin sababbin azuzuwa da gyaran waɗanda iska ta yaye wa rufi, akwai bencina da tebura, da allo da alli, da rajistar kiran suna da littattafan karatu, ga kuma haƙa rijiyoyin burtsatse da ginin makewayi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da hukuma take yi da hannunta. Saye take yi daga wurin 'yan kasuwa da kafintoci da magina da masu ɗab'i. Saboda haka yadda aka gudanar da wannan ciniki shi ne zai nuna ko yaro zai zauna a kan benci ne ko kuwa a kan tsumman buhu a ƙasa.

A zamanin En'e, lokacin da makarantun elemantare ba su da yawa, Baitulmali ne ke biya, kuma mai saye da mai karɓa duk suna gari ɗaya, sun san juna. Abin ya canza sarai a watan Satumba na 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2 da dubu 300 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Dole aka shiga ba da kwangilar gine-gine da kujeru cikin gaggawa, kuma tun daga wannan lokaci sayen kayan makaranta ya zama babbar sana'a. Bayan haka an yi ta miƙa ragamar ilmin firamare daga wannan hannu zuwa wancan. An kafa hukumar kula da shi ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993, har aka zo ga shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda aka yi wa doka a 2004.

Dokar ta 2004 ita ce ta shimfiɗa tsarin da ake kai. Ta ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin babban asusunta ba don wannan shiri, a hannun hukumar da aka fi sani da UBEC. Jiha ba za ta ɗauki rabonta na ayyuka ba sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta, sa'an nan ta kawo tsarin abin da za ta yi da shi. A jiha hukumar SUBEB ce ke riƙe da wannan kuɗi, a ƙarƙashinta kuma akwai hukumar ilmi a kowace ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilmi ke shugabanta. Wato manyan kwangiloli a babban birnin jiha ake ba da su. Ofishin ilmi na ƙaramar hukuma shi ne ya fi kusa da makarantu, shi ne kuma ya san inda rufi ke yoyo, amma abin da ke shiga hannunsa bai wuce na ƙananan sayayya ba.

Ba a rasa doka a kan yadda za a yi cinikin ba. A 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila. Mutane da yawa suna ɗauka wannan doka ta ma'aikatun Abuja ce kurum, alhali kuwa ta shafi duk wata hukuma da ta sami aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗin sayayyarta daga asusun Gwamnatin Tarayya. Aikin da aka yi da kuɗin haɗin gwiwa na UBEC rabinsa daga can yake fitowa. Ban da wannan, jihohi da dama sun yi nasu dokokin, kamar yadda Jihar Kaduna ta yi a 2016.

Abin da dokar ta tanada ba mai wuyar fahimta ba ne, kuma ya kamata kowane ma'aikaci da ɗalibi ya san shi. Kafin a sayi kome sai an tabbatar akwai kuɗinsa a cikin kasafi. Sa'an nan a buga sanarwa a jaridu, a bayyana abin da ake so, a ba da wa'adi. Masu sha'awa su kawo takardunsu a cikin ambulan a like. Ranar buɗewa a gaban jama'a ake yi, a kira sunan kowane kamfani da kuɗin da ya nema da babbar murya yadda kowa zai ji, kuma dokar ta ce a gayyato aƙalla 'yan sa ido biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar masu sana'ar da abin ya shafa, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke yaƙi da cin hanci. Wanda ya fi sauƙin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa shi ake ba aikin. Wannan sharaɗi na cika ƙa'ida yana da muhimmanci, domin arha ba ta ado. Wanda ya yi alkawarin benci a kan kuɗin da bai isa sayen katakonsa ba, lalle akwai abin da ya yi niyyar ragewa. An kuma hana daddatsa babbar kwangila ta koma ƙanana don a kauce wa tallatawa. Ma'aikacin gwamnati da aka kama da irin wannan laifi zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, a kuma kore shi daga aiki. Kamfani kuwa za a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.

Duk wannan tsari yana tsaron ƙofar shiga ne. Inda ɓarnar ta fi yawa kuwa ita ce ƙofar fita, wato ranar da aka kawo kaya. Takardun kwangila suna cikin fayil a ofis, kaya kuma suna sauka a wata makarantar ƙauye mai nisan tafiyar awa uku ko huɗu. Mota takan tsaya a bakin makaranta, a sauke bencina, a miƙa wa hedimasta takarda a ce ya sa hannu ya karɓa. Shi kuwa bai san benci nawa aka rubuta wa makarantarsa ba, bai san irin katakon da aka yi yarjejeniya a kai ba, bai san kaurinsa ba, bai san ko an ce a yi masa fenti ba. In ya ga 60 sai ya yi godiya, ko da 100 aka biya. Haka nan in gini ne, ba shi da hanyar sanin kaurin kwanon da aka rubuta, ko yawan bulon da ya kamata a buga da buhun siminti ɗaya. Sai damina ta farko ta zo, iska ta ɗauke rufin, sa'an nan kowa ya gane, lokacin kuwa ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa tuni ya kama gabansa.

Dokar ba ta manta da wannan mataki ba. Da farko ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, bisa lamunin banki ko na kamfanin inshora, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Ta kuma ce bayan wannan kada a ƙara biyansa ko kwabo sai da takardar shaidar cewa aiki ya kai inda aka ce ya kai. Tambayar ita ce, wa ke rubuta wannan takardar shaida? Injiniya ne ko jami'i daga ofishin da ya ba da kwangilar, wanda ke da makarantu barkatai a wuyansa, sau da yawa kuma ba shi da motar zuwa duba su. Ba abin mamaki ba ne a ji cewa ɗan kwangilar ne da kansa ya ɗauke shi a mota, ya ciyar da shi, ya komo da shi gida. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa an san abin da ke biyo baya. Ba kowane jami'i ne maci amana ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, amma tsarin da ya bar mai dubawa yana dogara da wanda zai duba ya sa shi cikin jarrabawar da ba ta da dalili.

Gyaran wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Abin da ake bukata shi ne kwamishinonin ilmi da shugabannin SUBEB su ba da umurni cewa duk kwangilar da ta shafi wata makaranta, a aika wa hedimastanta da sakataren ilmi na ƙaramar hukumar kwafin takardar kafin a fara aiki. Takardar ta faɗi sunan ɗan kwangila, da kuɗin aikin, da yawan kayan, da irinsu, da ranar gamawa. A rubuta ta da Hausa ko harshen da mutanen wurin ke ji, a manna ɗaya a bangon ofishin hedimasta inda iyaye za su gani. Sa'an nan akanta kada ya shirya baucar biya ta ƙarshe sai ya ga sa hannun hedimasta da na shugaban kwamitin kula da makarantar, suna shaida cewa sun ƙirga kayan sun kuma gwada su da abin da ke rubuce. Waɗannan kwamitoci suna nan a makarantu da yawa, a cikinsu akwai mai unguwa ko wakilinsa, da iyaye mata, da malamai, da masu sana'ar hannu. A ƙauyen da ke da kafinta ko ɗaya, ba a bukatar injiniya daga birni ya zo ya bambanta ɗanyen katako da busasshe.

Wasu za su ce hedimasta ƙaramin ma'aikaci ne, ba zai iya ƙin sa hannu ba in ɗan kwangilar yaron wani babba ne, domin yana tsoron a cilla shi wata makaranta a bayan duwatsu. Wannan magana gaskiya ce, kuma shi ya sa bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Tsorata mutum ɗaya abu ne mai sauƙi, amma rufe bakin gari guda da ya karanta a bango cewa benci 100 aka biya yana da wuya. Kuma ya kamata a sa a cikin umurnin cewa hedimastan da ya ƙi karɓar kaya marasa kyau ba za a canza masa wurin aiki ba sai an binciki ƙorafinsa an rubuta sakamako. In ba a yi haka ba, sa hannun nasa zai zama wani sabon hatimi ne kawai da za a ƙara a fayil.

Adalci ya sa a faɗi laifin gwamnati ita ma. Ɗan kwangila na kirki yakan ci bashin banki ya yi aiki, ya gama, sa'an nan ya shiga zarya tsakanin ofishin akanta da na odita wata da watanni, ruwan bashi yana hawa kansa. Dokar 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an miƙa takardu an tabbatar da su, ya zama biyan da aka jinkirta, kuma sai an ɗora masa riba. 'Yan kwangila kaɗan ne ke da ƙarfin halin neman wannan haƙƙi, saboda suna tsoron kada a rufe musu ƙofa gobe. Abin da suke yi a maimakon haka shi ne su ƙara kuɗin jira a cikin farashi tun daga farko, ko su rage ingancin kaya. Ƙananan kafintoci da magina na ƙaramar hukuma, waɗanda ba su da jarin da zai ɗauki jiran wata shida, sai su janye gaba ɗaya su bar wa masu uwa a gindin murhu. Su kuma waɗannan sau da yawa sayar da takardar kwangilar suke yi wa wani, shi ma ya sayar wa wani, har ta iso hannun kafintan da aka tsallake da farko, bayan an zabtare rabin kuɗin a hanya.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu daga asusun tarayya kai tsaye. Duk ranar da wannan hukunci ya zauna da gindinsa, sayayya mai yawa za ta koma hannun shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilmi. Kusanci da makaranta alheri ne, amma a can ne kuma ake da ƙarancin ma'aikatan da suka koyi aikin sayayya, a can ne kuma zumunci da siyasa suka fi matsa wa mai riƙe da alƙalami. Tilas ne tun yanzu ma'aikatun ƙananan hukumomi su shirya wa ma'ajiya da masu kula da sito kwas, su kuma farfaɗo da littafin sito, wanda a cikinsa ake rubuta kowane kwalin alli da ya shigo da makarantar da aka kai shi.

Ɗalibai kuma suna da abin yi, musamman na kwalejojin horon malamai, tun da su ne za su gaji waɗannan azuzuwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, kuma an ba hukumar kwana 7 ta amsa. UBEC hukumar tarayya ce, a wurinta jihohi ke ajiye tsarin ayyukan da suka ce za su yi. Ƙungiyar ɗaliban kowace ƙaramar hukuma tana iya neman jerin makarantun yankinta da ke cikin wannan tsari, in an yi hutu su zagaya da takardar a hannu, su ƙirga azuzuwa da bencina, su kai wa sakataren ilmi da kansilan mazaɓarsu abin da suka gani a rubuce.