Masu yi wa XML jana'iza su dakata

Shekaru ke nan wasu masu rubuta manhaja suna shelar cewa XML ya mutu. Wai ya cika surutu, ya tsufa, JSON ya gaje shi. A ganina sun yi gaggawar haƙa kabari, domin abin da suke kushe shi a kai shi ne ainihin darajarsa.

XML hanya ce ta rubuta bayani tare da liƙa wa kowane yanki sunansa, yadda mutum da kwamfuta za su karanta su fahimci abu ɗaya. A ce wani ɗakin karatu zai aika wa wani bayanin littafi:

<littafi harshe="ha">
<suna>Ruwan Bagaja</suna>
<marubuci>Abubakar Imam</marubuci>
</littafi>

Dokokinsa ba su da yawa. Duk alamar da aka buɗe sai an rufe ta. Wadda ke ciki sai ta rufe kafin ta waje. Dukan rubutun kuma yana cikin uwar alama guda. Sunayen kuwa kai ke zaɓensu, saɓanin HTML da ya zo da nasa.

Babban ƙorafi shi ne tsanani. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta fitar a 1998 ta ce manhajar da ta ci karo da alamar da ba a rufe ba ta kai rahoto, kada ta ci gaba kamar ba komai. Masu suka na kiran wannan taurin kai. To, mai karatu, idan saƙon da ke ɗauke da kuɗinka ya yanke a hanya, wanne ka fi so: manhajar da za ta tsaya ta ce akwai matsala, ko wadda za ta yi cinke ta wuce? Rigakafi ya fi magani.

Bayan wannan akwai tsarin yarjejeniya, wanda ake kira sikima. A cikinsa ɓangarori biyu ke rubuta abin da ya wajaba ya kasance a saƙo da irin siffarsa. Ɗauki 03/04: a Amurka huɗu ga Maris ne, a Ingila uku ga Afrilu. Sikima na tilasta shekara, sai wata, sai rana, rigima ta ƙare tun ba ta fara ba.

Batun mutuwa kuwa, a duba inda gawar take aiki. Takardar Word mai ƙarewa da docx, tun daga 2007, ƙunshin fayilolin XML ce da aka matse. Sauya ƙarshen sunanta zuwa zip ka buɗe, za ka gani da idonka. RSS da ke rarraba shirye-shiryen fodkas XML ne. Saƙonnin ISO 20022 da bankuna ke musaya ta hanyar SWIFT da shi ake rubuta su. Mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ ma muna da rabo: ƙa'idar ta wajabta wa kowace manhajar XML ta karɓi Unicode, ta kuma tanadi wurin bayyana harshen kowane sashe.

Ba na musun cewa JSON ya fi sauƙi wajen ƙananan saƙonni tsakanin waya da sabar. A nan ya yi nasara, kuma ya cancanta. Sai dai ba shi da wurin bayanin gefe, ba shi da nau'in kwanan wata, kuma yana wahala da dogon rubutu mai alamomi a tsakiyar jimla. Har sai da masoyansa suka ƙirƙiro masa nasa sikima, wato suka koma neman abin da suka gudo.

Laifin masu sukar shi ne hana ɗalibai koyo. Matashin da aka gaya wa XML tsohon yayi ne, ranar da banki ko ma'ajiyar littattafai ta miƙo masa fayil zai tsaya yana kallo. A koya masa dokokin nan uku da sikima; aikin yini guda ne.